Ƙarƙashin Ɗakin Kaka

Turawa, Karaye
Litinin, 12 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Ƙasimu, Rogo Sabon Gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, amin. Ni ce Bahijja, 'yar Yusha'u, jikar yayarka Kaka Kubura. Na faɗa ne don kada ka ce wace Bahijja, tunda duk zuwan da kake yi ban taɓa ce maka komai ba sai ina kwana. Ina ce maka Kawu ne saboda haka nake ji a bakin Baba.

Mu nan lafiya lau, sai ruwa. Umma tana Karaye wankan jego, ita da jaririn lafiyarsu ƙalau. Kaka ma tana nan, sai ɗan tari. Yau kwana tara ba mu ga rana sosai ba. Kogi ya cika ya hau fadama, masarar Baba sai kanta ake hangowa. Katangu suna ta faɗuwa a unguwa. Wayar Baba ta faɗa ruwa, kuma na san ko tana nan ba ka jin magana a waya, shi ya sa na yago takarda a tsohon littafina na aji shida.

Kawu, ranar Juma'a bayan azahar ina zaune a ɗakin Kaka ina tsince wake, sai ƙasa ta motsa. Ba tsawa ba ce. Ji na yi kamar an saki buhun hatsi a ƙarƙashina. Kwanukan jeren Kaka suka yi ƙara. Kaka tana kan gado tana jan carbi, ta buɗe ido ta dube ni, ta ce, "Ba ki ji komai ba." Na ce to.

Jiya da hantsi aka sake yi. Wannan karon maƙwabciyarmu Sadiya tana ciki, ta zo aron rariya. Ta fita a guje babu takalmi tana salati. Yanzu duk unguwa an ce girgizar ƙasa ce ta zo Turawa, irin wadda aka taɓa cewa an yi a Abuja. Wasu sun daina kwana a ɗaki, sun kafa leda a tsakar gida.

Malam Abdulsalami da ya koyar da mu a firamare ya ce wa su Baba ya taɓa karantawa cewa a wasu ƙasashe nauyin ruwa mai yawa yana iya sa ƙasa ta ɗan motsa, amma shi bai san na nan ba. Ni ban gane ba, kuma na ji kunyar tambaya.

Kai ka yi shekara arba'in a cikin ƙasa kana haƙa rijiya. Don Allah ruwan sama da ambaliya suna kawo girgizar ƙasa? In suna kawowa, ina mutum zai gudu? Ni da Kaka a ɗakin muke kwana.

Sulle mai kai kifi Rogo a babur shi zai kawo maka wannan. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Taka,
Bahijja


Rogo Sabon Gari
Alhamis, 15 ga Agusta

Malama Bahijja,

Wa alaikumus salam. Ashe kina da baki, a cikin biro kika ajiye shi! Na ji daɗin takardarki. Ƙafa tana nan yadda take, daga tabarma sai bakin ƙofa. Jikata Mubina ce take rubutawa ina faɗa, in kin ga kuskure nata ne. (Babu wani kuskure, shi ne yake maimaita magana sau uku. Ina gaishe ki. Mubina.)

Ki gaida Yaya da Yusha'u. Allah ya mayar da alherin masara. Nan ma Rogo an sha ruwa, gyaɗa ta fara ruɓewa a ƙasa.

Ni ban yi boko ba, abin da malaminku ya karanta shi ya sani. Abin da na sani, ruwa in ya yi yawa ƙasa tana shansa ta yi nauyi ta yi laushi. Na taɓa tsayawa a bakin kogi gaɓa ta zabtare, har cikin haƙorana na ji. Wannan zabtarewa ce. Girgizar da ake faɗa a rediyo kuwa ba ta zaɓen ɗaki. In ta zo, liman zai ji, mahauci zai ji, akuya ma za ta ji. To, ban da ke da Yaya da wannan Sadiya mai gudu babu takalmi, wa ya ji da ƙafarsa? Ban ce wanda ya ji labari ba.

Ga aikin da zan ba ki. Ki sami kwano uku ki cika su da ruwa har baki. Ɗaya a ɗakin Yaya, ɗaya a zaure, ɗaya a madafa. In abin ya sake yi, ki duba wanne ya zube. Sannan ki ɗauki taɓarya ki bi daɓen ɗakin kina bugawa a hankali, daga jikin bango zuwa tsakiya, taki ɗaya bugu ɗaya. Ƙasar da take a cike tana amsawa a taƙaice. In kin ji wani wuri ya amsa daban, ki gaya mini inda yake.

Kuma ban ji kin faɗi inda kike zaune ba ranar da kike tsince waken. Jikin bango ne ko tsakiyar ɗaki? A ina kike shimfiɗa tabarmarki? Wannan ki ba ni amsa, kada ki manta.

Kawunki,
Ƙasimu


Turawa
Litinin, 19 ga Agusta

Kawu Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, da Mubina. Mu ma lafiya, sai dai an yi rasuwa a bayan masallaci. Bango ya faɗa wa wata tsohuwa tana tuƙa tuwo. Allah ya jiƙanta.

Na yi abin da ka ce. Kaka ta tambaye ni kwanon mene ne, na ce na kaji ne. Ta ce tun yaushe kaji suke shan ruwa a gindin gadonta. Daga nan ta ƙyale ni.

Ranar Asabar da la'asar abin ya yi. Na Kaka ya zube, har ya jiƙa gefen tabarma. Na ruga zaure, ruwan yana nan cif da baki. Na madafa ma haka. Baba yana zaure a lokacin yana gyaran fatanya, bai ko ɗaga kai ba. Na tambayi 'yan mata huɗu a bakin famfo ko sun ji, kowacce ta ce ta ji an ce.

Taɓarya kuma sai jiya na samu, da Kaka ta zaga. Jikin bango ko'ina daidai yake amsawa. Da na zo tsakiya sai ya canza, kamar ana buga babban tulu da babu ruwa a ciki. Wurin bai fi faɗin tabarma ɗaya ba. Na ɗage ledar ƙasa na duba. Kawu, akwai tsaga a daɓen, siririya, amma ba miƙaƙƙiya ba ce irin ta bango. Zagaye ta yi, kamar an kifa babban faifai an zana.

Amsar tambayarka: a nan nake zaune ranar. A nan kuma nake shimfiɗa tabarmata tun ina aji uku.

Ina durƙushe a wurin, sai Kaka ta shigo. Ta fizge taɓaryar daga hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Wa ya aike ki?" Sai ta ce, "Ƙasimu ne ko? Shi kaɗai ya san wannan bugun." Ta mayar da ledar ta rufe, ta jawo akwatinta ta ɗora a kai.

Da yamma ta naɗe tabarmata ta jefo tsakar gida. Ta ce na cika juyi a barci ina hana ta sakat, in koma ɗakin Umma. Shekara biyar muna kwana tare ba ta taɓa cewa ina juyi ba. Na san fushi take da ni saboda taɓaryar. Ko abincin da na kai mata a bakin ƙofa ta karɓa, ta ce kada in shigo.

Me na yi, Kawu? Girgizar ce ko ba ita ba ce?

Bahijja


Rogo Sabon Gari
Laraba, 21 ga Agusta

Bahijja,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Wannan takardar falle biyu ce. Ki kai wa Yusha'u ki karanta masa duka.

Yusha'u, ina gaishe ka, ina yi maka jajen gona. Abin da ake ji a gidanka ba girgizar ƙasa ba ce. Ruwan sama bai kawo wa Turawa girgiza ba. Ka gaya wa mutanen unguwa su daina kwana a cikin laima da yara, kada sanyi ya kashe su a banza. Wanda bangonsa ya jiƙe daga ƙasa ya tokare shi, wanda nasa yake lafiya ya shiga ɗakinsa.

Falle na biyu.

Amma ɗakin Yaya daban ne. Ka fitar da ita daga ciki yau, kada ka ce gobe. Kada ka tsaya kwashe kaya. Ka rufe ƙofar, ka sa ƙaya, ko akuya kada ta shiga. In ta ƙi, ka ɗauke ta. Kada ka tambaye ni dalili, akwai maganar da ba ni da ikon faɗa. Da ina da ƙafa da ban aiko takarda ba.

Bahijja, ba fushi take da ke ba. Kada ki koma ɗakin.

Ƙasimu


Turawa
Talata, 27 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu muna nan. Na yi laifi, kuma gara in faɗa maka da kaina.

Takardarka ta zo ranar Alhamis. Na samu Baba a zaure da maza uku. Na tsaya a bayan ƙofa har ya gan ni. Ya ce mene ne, na ce saƙon Kawu ne. Ya ce to karanta mana. Ban taɓa karatu a gaban maza ba. Muryata ta ƙi fita, sai da ɗaya ya ce, "Yarinya, da sauro kike magana?" Suka yi dariya.

Na karanta falle na farko. Ina kaiwa inda ka ce kowa ya shiga ɗakinsa, Baba ya ce, "Alhamdu lillahi! Tunda Kawu ya faɗa, magana ta ƙare." Suka miƙe gaba ɗaya za su masallaci su sanar. Falle na biyu yana hannuna. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ya riga ya sa takalmi. Ban iya cewa Baba tsaya ba.

Na ce in ya dawo zan faɗa. Ya dawo da baƙi. Washegari tun da safe ya tafi fadama su ga abin da za a tsira da shi. Kullum ina sa takardar a ɗaurin zanina, kullum ina kwanciya da ita. Har ta yi laushi.

Yanzu unguwa ta kwanta, ana ta sa maka albarka. Sadiya ta ce dama ita ta san ba komai, tsoro ne ya sa ta gudu. Amma ɗakin Kaka bai daina ba. Jiya sau biyu. Ƙofarta ta daina rufuwa daidai, sai an ɗaga. Na leƙa ta taga, akwatin da ta ɗora a tsakiya ya karkace.

Na karanta wa Kaka falle na biyun ta tagar, tunda ita ina iya yi mata magana. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ƙasimu ya tsufa, tsoro ya kama shi. Je ki ɗora sanwa."

An ce ruwa ya cinye hanya tsakaninmu da ku. Sulle ya ce zai gwada zagaye. Ban sani ba ko wannan za ta iso.

Bahijja


Turawa
Juma'a, 30 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa. Ban ga amsa ba. Ko ka yi fushi ne? In ka yi, ka yi daidai.

Na faɗa wa Baba. Shekaranjiya da na kai masa tuwo na juya baya na faɗa da sauri, kamar mai hadda. Ya ce me ya sa ban faɗa tun ranar ba. Ya je ya durƙusa a ƙofar Kaka ya ce ta koma ɗakin Umma kafin ruwa ya ɗauke. Ta ce, "A ɗakin nan na haife ka, Yusha'u. Yau kai za ka fitar da ni?" Ya ce a'a, Allah ya huci zuciyarta. Ya duba bangon ta waje, ya ce lafiyarsa ƙalau, ya fi na zaure ma ƙarfi.

Ya ce da ni, "Kawu ya ce ba girgiza ba ce, bango kuma ga shi a tsaye. To don me zan ɗauki uwata kamar buhu? Ya faɗi dalili."

Kawu, don girman Allah ka faɗi dalili. Baba ba zai saɓa wa Kaka a kan maganar da babu dalili ba. Ana ta ruwa yanzu haka da nake rubutu.

Bahijja


Rogo Sabon Gari
Asabar, 31 ga Agusta

Bahijja,

Salamu alaikum. Takardunki biyu yau suka zo tare, a jiƙe, sai da Mubina ta shanya su a kan murfin tukunya. Ban yi fushi ba. Ke kin yi shiru kwana shida. Ni na yi shekara hamsin. Mun sa an nemi lambobin mutanenku, babu wadda take shiga.

Wannan ta Yusha'u ce. Ki karanta masa daga farko har ƙarshe. In ya miƙe, ki riƙe masa riga.

Yusha'u, ba kai ne ɗan farin Yaya ba. Kana da ya, sunanta Maijidda. Ba ka taɓa ji ba saboda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari ko yana raye, balle wannan. Waɗanda suka sani duk sun mutu, saura ni da ita.

Inda ɗakin Yaya yake, da rijiya ce, mai zurfin gaba tara. A lokacin ina zaune a gidanku ina koyon haƙa. Babanka ya tafi cin rani. Maijidda tana da shekara uku. Wata rana da hantsi Yaya tana daka, yarinyar ta bi ɗan tsako. Ni na shiga na ɗauko ta. Ba sai na ƙara komai a kan wannan ba.

Bayan kwana uku Yaya ta ce ba za ta sake kwana a gidan ba sai an rufe bakin rijiyar. Yadda ake binne rijiya, dutse ake zubawa da marmara tun daga ƙasa, ana dannawa, har a zo baki. Aikin wata guda ne da jakuna. Ni ina da shekara goma sha bakwai, babu jaki, damina ta kawo kai, Yaya ba ta ci ba ta sha. Sai na yi dabarar yaro. Na sauka gaba ɗaya, na fafe jikin rijiyar, na gicciya azara shida. Na shimfiɗa kara a kai, na zuba ƙasa na daɓe. A yini biyu na gama. Na ce mata na cike ta. Ƙarya na yi. Gaba takwas na ƙasa babu komai a ciki sai iska da ruwa.

Da babanka ya dawo ta sa ya gina mata ɗaki a kan wurin. Ta sa ni na rantse ba zan ƙara ambaton rijiyar ko yarinyar ba. Bayan shekaru, da na san aiki, na je na gaya mata gaskiyar abin da na yi, na ce a fasa daɓen a gyara. Ta ce wanda ya buɗe bakin nan ba ita ba shi har abada. Azara itace ne mai ƙarfi, na ce wa kaina za ta kai mu. Duk zuwan da nake yi Turawa sai na faki ido na taka tsakiyar ɗakin na ji.

Bana ruwan ƙasa ya hau. Motsin da ake ji jikin rijiyar ne yake zabtarewa yana faɗawa ruwa. Inda kan azarar ya zauna shi ne yake cinyewa. Zoben da Bahijja ta gani bakin rijiyar ne. Yaya ta sani sarai, shi ya sa ta kori yarinyar daga ɗakin.

Na karya rantsuwata, zan yi kaffara. Ka fitar da ita. Kada mutum biyu su taka tsakiyar ɗakin a lokaci ɗaya.

Ƙasimu

(Bahijja, tunda nake ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai yau. Sulle ya ce ko a ƙafa ne zai kawo. Mubina.)


Karaye
Litinin, 9 ga Satumba

Kawu Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mubina. Daga asibiti nake rubuto wannan. Kaka tana da rai. Na fara da wannan ne don kada ka sa Mubina ta yi sauri.

Sulle ya iso waccan Litinin ɗin da hantsi, ya bar babur a wani ƙauye ya ƙaraso da ƙafa. Na karanta ni kaɗai a madafa tukuna. Sannan na tafi zaure. Akwai mutane, har da Malam Abdulsalami. Ban tsaya a bayan ƙofa ba. Na fara karantawa. Da na zo kan sunan, Baba ya ce, "Wace Maijidda?" Ya yunƙura zai tashi. Na riƙe masa riga. Kowa ya ga na riƙe. Na ce, "Baba, da saura." Ya koma ya zauna. Na karanta har sunanka na ƙasa. Babu wanda ya yi dariya.

Muka shiga gida. Kaka tana kan gado. Baba ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ashe ina da ya?"

Ta dube shi. Ta ce, "Ƙasimu ya yi rantsuwa."

Ya ce, "Inna, ki fito."

Ta ce, "Shekara hamsin ina kanta, ba ta ƙara cin kowa ba. Kai ka yi rarrafe a nan, 'ya'yanka sun yi. In na tashi wa zai tsare ta? Ku tafi ku ba ni wuri."

Baba yana ta roƙo, tana jan carbinta kamar ba da ita ake ba. Ya ce zai shigo ya ɗauke ta, ta ce in ya taɓa ta ba ta yafe ba. Sai ya tsaya. Na san haka za a yi ta yi har dare.

Ka ce kada in koma ɗakin. Na koma. Na bi ta gefen Baba na shiga, na ture akwatin, na zauna a tsakiyar zoben. Ƙasar tana da sanyi, kuma ta lotsa kamar kwano.

Kaka ta ce, "Tashi!"

Na gyara zama.

Ta ce, "Tashi, ja'ira, don ubanki!"

Na ce, "In kin fita."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta sauko daga gado babu sanda. Ta kama wuyan hannuna tana ja, har yanzu akwai shaidar farcenta. Sunan da take kira ba nawa ba ne. Muna haka Baba ya ga tana tangaɗi, ya manta abin da ka ce, ya shigo ya tare ta. Mu uku a wurin.

Ban ji ƙara sosai ba. Ƙasa ce kawai ta tafi. Baba ya wurgo ni waje, ya jawo Kaka, ƙafarta ɗaya ta riga ta zurma. Gado ya bi, akwati ya bi, sannan bangon ƙofa ya biyo ya same ta a ƙugu.

A amalanke aka fito da ita har inda mota take iya zuwa. Likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunta da wuya ta sake takawa. Baba ya gurɗe a hannu. Ni babu abin da ya same ni. Kullum ina lissafin kwana shidan nan. Da na ce Baba tsaya tun ranar, da wataƙila ka faɗi dalilin tun kafin hanya ta yanke.

Baba ya je gida ya dawo. Ya ce rijiyar tana nan a buɗe, ruwa baƙi har kusan baki, kwanukan jeren Kaka suna yawo a kai. Ya kewaye ta da ƙaya. Mutane suna ta zuwa kallo. Malam Abdulsalami yana gaya musu rijiya ce, amma an ce a kasuwa har yanzu wasu suna cewa girgizar ƙasa ta haɗiye ɗaki a Turawa.

Kwana shida Kaka ba ta yi mini magana ba. In na ba ta kunu sai ta juya fuska, sai Umma ta karɓa ta ba ta. Jiya da azahar Umma ta fita alwala, sai na ji ta ce, "Ke mai biro. Kina da takarda?" Na ce e. Ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Ƙasimu, na ji abin da ka yi. Ka yi kaffararka, ni na yafe. Yarinyar sunanta Maijidda, tana da wushirya, kowa ya ji. Ni na gama gadi. Wannan karon da dutse za a cike rijiyar, tun daga ƙasa."

Daga nan ta rufe ido. Amma da na ba ta kunu ta sha.

Baba ya ce ruwa yana ɗaukewa za a fara, kuma bai san yadda ake yi ba. Ka sa Mubina ta rubuto komai, irin dutsen, da yadda ake dannawa, ko falle nawa ne. Zan karanta masa har ƙarshe.

Taka,
Bahijja